Malamai Nawa Ne a Makarantar Unguwarku?

Tambaya ce mai sauƙi a baki, amma ka gwada yin ta a wata makarantar firamare ta gwamnati a nan Zariya ka ji. Hedimasta zai ba ka adadi ɗaya. In ka je ofishin ilimi aka buɗo maka takardar albashi, wani adadin za ka gani. In kuma ka tsayar da yarinya 'yar aji huɗu a bakin ƙofa ka ce ta lissafo maka waɗanda suke shigo musu aji, za ta kawo maka na uku. Sau da yawa kuma babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu. Kowa abin da ke gabansa ya ƙirga.

Takardar albashi tana ɗauke da malamin da ya tafi ƙaro karatu Jami'ar Ahmadu Bello da izini, da malamar da ke hutun haihuwa, da wanda aka janye zuwa ofis yana taya aikin fayil amma sunansa na nan a makarantar, da wanda aka canza wa wurin aiki tun bara ba a kai ga cire shi ba. Hedimasta kuwa wanda ya sa a jadawalin darasi yake ƙirgawa, har da malamin da iyayen yara ke haɗa wa ɗan ihsani a ƙarshen wata, wanda gwamnati ba ta san da zamansa ba. Ita yarinya nata lissafin ya haɗa da ɗaliban makarantar horar da malamai da suka zo koyon koyarwa na 'yan watanni, da ɗan bautar ƙasa, sannan ya tsallake wani malamin da ta daɗe ba ta sa shi a ido ba.

To wane adadin ake ɗauka a kai Kaduna, daga can ya wuce Abuja, a zauna a kansa a yanke cewa Zariya na buƙatar ƙarin malamai kaza, ko kuma ta ƙoshi? Ni na taɓa riƙe alli a firamare kafin in koma kasuwa, yanzu ina cikin kwamitin SBMC, wato kwamitin iyaye da mutanen unguwa masu taya kula da makaranta, na makarantar unguwarmu, yayata kuma shugabar makaranta ce, don haka takardun nan a gabana suke wucewa. Abin da na fahimta shi ne bayanan ma'aikatan makarantu a wurinmu hanya ɗaya suke bi, daga ƙasa zuwa sama. Ba sa dawowa hannun wanda ya bayar da su, balle mutanen unguwa su sa su a ido. Muddin haka abin yake, ko sau goma za a tattara su a shekara ba za su yi tsabta ba.

Kada wani ya ɗauka ƙarancin fom ne ke damunmu. Tun da aka yi dokar ilimin bai ɗaya a 2004, tsarin hawa uku ne: hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa (UBEC) a Abuja, ta jiha (SUBEB) a Kaduna, sai hukumar ilimi a kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar, wadda har yanzu LEA muke kiranta, a ƙarƙashin sakataren ilimi. Kowane hawa da irin takardar da yake nema. Akwai ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, mai shafi musamman na malamai. Akwai babbar ƙidayar ma'aikata da UBEC ke yi lokaci-lokaci a faɗin ƙasa, irin ta 2018 da ta 2022. Akwai rahoton da shugaban makaranta ke kaiwa ofis a kai a kai. Ga TRCN mai rajistar malamai da lambarta, ga kamfanin fansho da tasa, ga banki da BVN, ga NIN, ga ƙungiyoyin agaji da kowace ke zuwa da nata tsarin. Malami ɗaya, lambobi sun wuce yatsun hannu guda, kuma ba lallai ne biyu daga cikin takardun su yarda da juna kan yadda ake rubuta sunansa ba.

Yadda ake cika su ma abin a duba ne. Saƙo yakan faɗo a zauren WhatsApp na shugabannin makarantu bayan la'asar: a kawo jerin sunayen ma'aikata gobe kafin ƙarfe goma, da lambar waya, da ranar fara aiki, da mataki, da kwafin takardar shaida. Na sha tarar da yayata bayan isha'i a kan tabarma, fitilar caji a gefe, ta baza fayiloli tana kiran malamai ɗaya bayan ɗaya. "Malam, don Allah turo min ranar da aka tabbatar da kai a aiki." Wani ya ɗauka, wani wayarsa a kashe. Wanda ba ta samu ba, sai ta jawo fom ɗin da ta cika watannin baya ta kwafa, in da kuskure a ciki ya ƙara samun gindin zama. Na ce mata, "Yaya, ba wannan kuka kai wancan watan ba?" Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Shi ne mana. Wancan na wani sashe ne, wannan na wani." Da safe a biya shagon kwamfuta a buga, a yi hoto, a hau acaɓa a kai, duk daga jakarta. Ajin da take riƙewa saboda ƙarancin malamai kuwa, ranar monita ne mai shi.

Bayan an kai, sai shiru. A shekarun da na yi a aji ban tuna ranar da aka miƙo min takarda aka ce, "Malam, ga abin da muka rubuta a kanka, duba mana ko daidai ne." Malami yakan san an yi kuskure a bayanansa ne ranar da albashi ya ƙi shigowa, ko ranar da sa'o'insa suka samu ƙarin girma shi aka tsallake shi, ko ranar da aka kawo masa takardar ritaya alhali a lissafinsa da sauran shekara biyu.

Kuma kurakuran nan yawanci ba na mugunta ba ne, na rayuwarmu ne kamar yadda take. Mutum ɗaya, a takardar firamare Muhammadu ne, a ta sakandare Mohammed, a ta shaidar malanta (NCE) Muhammad, a banki kuma an haɗa masa da sunan kakansa. Wani sunan unguwarsu ko ƙauyensu ya sa a ƙarshe lokacin da yake makaranta, da ya girma ya koma sunan mahaifi. Malama ta shiga aiki da sunan mahaifinta, ta yi aure ta ɗauki na miji a wasu takardun, wasu ta bar su yadda suke. Ranar haihuwa ta fi komai rikici. Yawancin waɗanda ke gab da ritaya yanzu a gida aka haife su, ba takardar asibiti, sai da za su nemi aiki suka je kotu suka yi rantsuwar shekaru, shi ya sa in ka bi jerin ma'aikata sai ka rantse rabin garin ranar ɗaya ga Janairu aka haifa. Kuma a kan wannan ranar komai ya rataya. Ka'idar da aka daɗe a kanta ita ce shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki, duk wadda ta riga zuwa. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta ɗaga ta malamai zuwa 65 ko 40. Ko da wacce aka yi aiki, in magatakarda ya mai da 1968 ta koma 1963, an yanke wa mutum shekara biyar na albashi da yatsa ɗaya. In aka juya ta ɗaya ɓangaren kuma, wanda ya kamata ya ba yaro wuri ya ci gaba da zama.

Akwai wani da muka koyar tare da albashinsa ya tsaya bayan wata tantancewa, don harafi biyu sun bambanta tsakanin sunansa na banki da na takardar albashi. Mutumin da kullum shi ne na farko a littafin sa hannu. Ya yi ta kai-komo tsakanin banki da kotu da ofishin da abin ya shafa, a nan a ce ya kawo wasiƙa daga can, a can a ce mai sa hannu ya fita. Kafin a gyara ya ci bashin mai shago, ya ci na mai hatsi, kuma duk ranar da ya tafi bin takarda ajinsa ba kowa. Da an nuna masa abin da aka rubuta tun farko, da minti biyu ya isa ya ce ga inda aka kuskure.

Sai kuma tsoro, wanda shi ne babban abin da ke ɓata lissafi a jihar nan. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, aka sallame su, aka yi shelar ɗaukar sababbi 25,000. Ƙungiyar malamai ta NUT ta tafi yajin aiki a farkon 2018 a kan haka. A ƙarshen 2021 SUBEB ta kori malamai 233 saboda takardun bogi, a tsakiyar 2022 kuma aka sake sallamar 2,357, mafi yawansu don ba su zauna wata jarrabawar ba. Ni dai ba zan kare wanda ya shiga aji da takardar da bai yi karatunta ba, kuma duk wanda ya zauna a ɗakin malamai kafin 2017 ya san akwai waɗanda ɗan siyasa ne ya kawo su, ba ilimi ba. Amma malaman da suka rage sun ɗauki darasi daga shekarun nan: duk ranar da aka ce a kawo suna, to akwai wanda za a yi waje da shi.

Kakanninmu sun san wannan tun zamanin En'e. In malamin haraji ya zo ƙirga magidanta ko shanu, kowa ya san abin da zai biyo baya, sai Bafulatani ya kora rabin garke cikin daji, maigida ya ce ɗansa bai isa biya ba tukuna. Alhaji Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, amma tsoron a ƙirga mutum bai tafi tare da su ba.

Ga yadda tsoron yake aiki a makaranta. Malami ya kwanta jinya wata uku, ko hawan jini ya taɓa shi, hedimasta ya san in ya rubuta gaskiya wataƙila abincin iyalin mutumin ya tsaya, sai ya rubuta yana nan. Tausayi ne, kuma da wuya in ce da ni ne ba haka zan yi ba, amma a takarda ajin yana da malami, don haka ba wanda zai turo wani. In an ji raɗe-raɗin za a ɗauki sababbin malamai, kowace makaranta sai ta zama mai ƙishirwa. In an ji za a kwashe rarar malamai a tura ƙauye, kowane malami sai ya zama mai aji biyu. Wanda ya nemi bayanin bai faɗi abin da zai yi da shi ba, wanda zai bayar kuma sai ya yi ta canka, ya cika fom daidai da abin da ya canka.

A kan ma'aikatan bogi kuwa, ina da ja da yadda ake farautarsu. Duk lokacin da aka tashi tantancewa, malaman da ke aji su ake kwasowa a jera a rana da fayil a hammata, a rufe makarantu, masu shagon hoton takardu su yi ciniki. Amma malamin aji biyu ba shi da hanyar da zai sa suna a takardar albashi. Sunan mamaci da ya ci gaba da karɓar kuɗi, ko sunan wanda yake Kano yana kasuwanci, a wurin da ake haɗa takardar albashin yake samun mafaka, da sanin wani mai biro. Kuma mutanen gari sun riga kowace na'ura sanin wanda ya rasu, don su suka yi masa salla. Sun san malamin da ba ya zuwa sai ƙarshen wata. Abin da ba su sani ba shi ne sunayen da aka rubuta a kan makarantarsu, don ba a taɓa nuna musu ba.

Wani abin da jimillar adadi ke ɓoyewa shi ne rabo. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. In aka tara malaman ƙaramar hukuma gaba ɗaya aka raba da yawan yara, za a samu lamba ɗaya da za a iya karantawa a taro, amma babu yaron da ke zaune a cikin wannan lambar. Ƙaramar hukumar Zariya mazaɓu 13 gare ta, kuma nisan da ke tsakanin Kwarbai ko Tudun Wada da ƙauyukan Dambo, Wuciciri da Dutsen Abba ba na hanya kaɗai ba ne. Kowa a cikin gari yake so a ajiye shi. Wasu da hujja mai ƙarfi: matar aure mai goyo ba za ka ce ta riƙa yin doguwar tafiya a kan babur kullum ba, kuɗin mota ya cinye albashin mai mataki na 7, ga fargabar hanya da ta ƙaru a shekarun nan. Wasu kuma hujjarsu ita ce wanda suka sani. Sakamakon dai ɗaya ne, a wata makarantar cikin gari malamai na zaune a inuwa suna jiran a zo kansu, a wata ta bayan gari mutum biyu ko uku ne ke zagaya aji shida. Ba na cewa a kwashi mata a watsa ƙauye da ƙarfi. Ina cewa a fitar da adadin makaranta-makaranta a fili, sannan a yi gardamar a kan gaskiya: ko alawus na zaman ƙauye za a ba da, ko 'yan asalin wurin masu NCE za a ɗauka a ɗaure su da sharaɗin zama. Yanzu gardamar ma ba ta yiwuwa, don wanda ke Dambo ba shi da takardar da zai ɗaga ya ce ku duba.

Haka nan yawan kai ba shi ne yawan darasi ba. Makaranta na iya samun malamai goma sha biyu, takwas daga ciki fanni ɗaya suka karanta, babu mai Lissafi, babu wanda ya iya koyar da karatun Hausa a aji ɗaya. Fom yakan tambayi takardar da mutum yake da ita, ba kasafai ake bin diddigin abin da yake koyarwa a zahiri ba. Abin kunya ne wannan ya gagare mu a garin da yake da ABU tun 1962, da babbar makarantar horar da malamai ta tarayya, da kwalejojin Barewa da Alhudahuda, garin da Arewa ke zuwa ɗiban malamai. Ɗaliban da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu a harabobin ABU na Samaru da Kongo kaɗai sun isa su taya a tsabtace rajistar ƙaramar hukuma a hutu guda, in an nemi haɗin kai.

Ma'aikatan da ba sa koyarwa kuwa kusan an manta da su. Maigadi, mai shara, masu rainon 'yan ajin share fage. Maigadi ya tsufa ya rasu, ba a maye gurbinsa ba, a takarda ba wanda ya lura, sai an wayi gari an cire tagogi da kwanon rufi. Kuma yanzu sanin su wane ne a cikin makaranta a kowace rana ya wuce maganar albashi. Da aka sace ɗalibai a Kuriga ta ƙaramar hukumar Chikun a watan Maris na 2024, adadin da ya fara zagaya duniya 287 ne. Da aka dawo da yaran, gwamnati ta ce 137 ne aka ɗauka. Allah Ya kiyaye na gaba, amma ko a ina irin wannan ta faru, abin da za a fara nema shi ne rajistar safiyar ranar, ta yara da ta malamai.

Maganar kuɗi ma ta ƙara matsowa kusa. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fita, kuma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ko yaya aiwatar da hukuncin ya ƙare, shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli ba su da sauran uzurin cewa lissafin malamai na Kaduna ne. Kansilan da bai san yawan malaman mazaɓarsa ba, ban san me yake kaiwa zauren majalisa ba.

Abin da nake nema bai kai tsadar tantancewa ɗaya ba. Rajista guda ta ma'aikata a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, kowane mutum da lamba ɗaya da za ta bi shi daga ranar ɗauka zuwa ranar ritaya, kuma duk sashen da ke son bayani ya je can ya ɗiba, ya bar hedimasta ya yi aikinsa. Shi hedimasta abin da zai riƙa kaiwa a wata shi ne abin da ya canza kawai: wa ya zo, wa ya tafi, wa ke hutu, wa ya rasu. Rabin shafi ya isa. Sannan sau ɗaya a shekara a buga wa kowane ma'aikaci abin da aka rubuta a kansa, suna da ranar haihuwa da ranar fara aiki da mataki da makaranta, ya duba ya sa hannu ko ya ja layi a inda aka kuskure. A kuma yi doka a rubuce cewa bambancin harafi ba ya tsayar da albashi, a ba mutum wa'adi ya gyara yana cin abincinsa. Malamin da ya san ba za a yanke masa abinci a kan kuskuren magatakarda ba, shi da kansa zai kawo gyaran.

Sai ɓangaren da na san zai fi jawo min surutu: a liƙa jerin ma'aikatan kowace makaranta a bangon ofishin hedimasta, a ba shugaban SBMC kwafi a farkon kowane zango. Malamai abokaina sun ce min wannan tonon silili ne, kuma a zamanin garkuwa da mutane ba a tallan sunan ma'aikaci. Maganarsu tana da nauyi. Amsata ita ce abin da za a liƙa suna ne da aji da darasi, abin da duk yaron makarantar ya riga ya sani. Albashi, lambar asusu, BVN, lambar waya, adireshin gida, waɗannan ba su da hurumi a bango. Gaskiyar magana ma, yanzu ne sirrin malamai yake a banza. Jerin sunaye da lambobin asusu na yawo a zaurukan WhatsApp, kwafinsu na kwance a kwamfutocin shagunan buga takardu, tsofaffin fom kuma wa ya san inda suke ƙarewa, wataƙila wurin mai ƙosai. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, kuma ta hau kan ofishin gwamnati kamar yadda ta hau kan banki. Rage yawan hannayen da bayanan ke bi shi ne kariyar, kuma rajista guda ita ke rage su.

Wasu za su ce a sayo ƙananan kwamfutocin hannu da manhaja, magana ta ƙare. Ba na ƙin na'ura, ita ce ma za ta sa buga wa kowa takardarsa ya zo da sauƙi. Sai dai abin da aka zuba mata shi take riƙewa, in kuskure ne ta yaɗa shi ofis biyar a lokaci guda. Mun ga shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 ya yi aiki a Kaduna kan ƙidayar makarantu da kafa kwamitocin SBMC, kuma an amfana. Amma shirin agaji wa'adi gare shi. Abin da ke wanzuwa shi ne jami'in ƙididdiga na ofishin ilimi, wanda a wurare da yawa kujerarsa ce mafi rashin daraja a ginin: ba wuta, ba kuɗin data, ba man babur da zai je ya ga makarantar da ido, in ya fara ƙwarewa kuma a canza masa wuri, fayilolin su bi shi a kwamfutarsa ta kansa. In za a kashe kuɗi, a nan ya kamata a fara. A ba shi abin hawa ya riƙa dirar wa makarantu ba sanarwa, ya ɗauki littafin sa hannu ya gwada da jerin da ke hannunsa, ya leƙa aji ya ga wa ke tsaye a gaban allo. Makaranta biyu ko uku a mako sun isa kowa ya san ana dubawa.

Akwai kuma amfanin da ba a cika kawowa ba, don ba ya kama ɓarawo. Ranar da aka ɗauki malami aiki, ranar aka san shekarar da zai bar shi. Ofishin da rajistarsa ke da tsabta zai iya faɗa tun watan Janairu cewa malamai kaza za su yi ritaya kafin Disamba, daga makarantu kaza, masu koyar da darussa kaza, ya aika wa SUBEB da shugaban ƙaramar hukuma tun ana haɗa kasafin kuɗi. A yanzu abin da muke gani a kwamiti shi ne a yi wa malamin Lissafi walimar bankwana a zango na ɗaya, a rubuta takardar neman madadinsa a zango na biyu, a zango na uku iyaye su fara karo-karo don a samo wani yaron unguwa mai NCE ya riƙe ajin kafin jarrabawa.